Shingen Jirgin Surukina

Akwai wata la'asar a Jidda da ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ita kam ba na jin za ta fita daga raina. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na ji ƙarar 'yar ƙaramar taya tana gudu a kan dogo sai gabana ya faɗi. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, jirgin da nake magana a kansa, daga kai har taragon ƙarshe, bai fi tsawon hannuna ba. A saman bene yake, cikin wani ɗaki da a da tantabaru ne ke kwana a ciki.

Ni mutumin Maraɗi ne, sana'ata gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, wadda in babu ita ba mai iya runtsawa a garin nan. Ina kuma da wani hali da gara in faɗe shi da bakina tun kafin a faɗa mini: hannuna ƙaiƙayi yake. In na shiga gidan mutum na ga famfo yana ɗiga ko ƙofa tana kuka, shayin da aka ba ni ba ya wucewa a wuyana sai na ciro sukudireba. Maiɗakina takan ce da za a bar ni da farin wata, da tuni na kwance shi don in ga abin da ke sa shi raguwa. A lokacin yabo nake ɗaukar maganar.

Ita haifaffiyar Jidda ce, iyayenta Hausawan Sudan ne. Bayan rasuwar mahaifiyarta, sai mahaifinta ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, muka ɗauko shi ya dawo gidanmu a unguwar Kurayyat. Baba dogon mutum ne, marar yawan magana, ya yi shekaru talatin da wani abu yana gadin wani bene a Balad, tsohon garin Jidda. Mun san cewa yana saurayi ya taɓa aikin jirgin ƙasa a Sudan, iyakar abin da muka sani ke nan. Wani Bature injiniya da ya zauna a benen da yake gadi, da zai koma ƙasarsu, shi ya bar masa kwali biyu cike da jirgin wasa mai aiki da lantarki, da dogonsa da taragunsa. Tun daga lokacin Baba yake gina wa jirgin nan gari.

In na ce gari, gari nake nufi. Faifan katako ne da ya kai faɗin ƙyaure biyu. Akwai tasha, akwai gidajen da ya gina da laka ta gaske, akwai gonar auduga, akwai magudanar ruwa da ya yi da fasasshen shuɗin gilashi. Can gefe guda ga wata bishiyar bedi, wadda wasu ke kira darbejiya, da ya yi da soso da waya. Hanyar ƙasa ɗaya ce tak, ta ratsa dogon a wuri ɗaya. A nan ya kafa shinge: 'yan sanduna biyu sirara masu fentin ja da fari, ya ɗaura musu zaren kamun kifi, zaren ya bi ta ƙarƙashin katakon ya fito a gaban kujerarsa, ya naɗe a jikin ɗan katakon zaren keken ɗinki. In ya murɗa sai sandunan su sauka, in ya warware su tashi. A bakin shingen kuma, kamar taƙi guda daga dogo, akwai amalanken jaki da ya sassaƙa da hannunsa, da wani ɗan tsoho mai farar jallabiya a kai, da buhunan albasa da ya ɗinka da tsumma. Amalanken nan kullum a wuri ɗaya yake.

Kowace rana in an idar da sallar la'asar, ni ko 'yarsa za mu riƙe shi ya hau matakala ashirin da biyu. Ya zauna, ya dubi agogo, ya kunna. Da kan jirgin ya iso gindin bedin nan, alhali da sauran tafiya mai nisa kafin hanya, sai ya fara murɗa zare. Sanduna su sauko a hankali, jirgi ya zo ya wuce, ya ce alhamdulillahi, ya ɗaga shinge, ya kashe wuta. Shi ke nan. 'Ya'yana mata biyu sun sha roƙonsa ya ƙara zagaye ɗaya, sai ya ce, “Jirgin la'asar ɗaya ne.” Likitansa ya taɓa ce mana hawan benen nan ya fi duk ƙwayoyin da yake rubuta masa amfani, ranar da ya daina hawa kuwa mu fara shiri. Maiɗakina ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Abuya take kiransa, takan ce, “Muddin jirgin nan yana zagayawa, Abuya yana tare da mu.”

To, hannunsa na dama ya riga ya mutu, na hagun kuma ya fara rawa. A 'yan watannin nan murɗa zaren ya zame masa aiki. Sai ya cije leɓe, gumi ya keto masa, wata rana ma na ga ya danne katakon zaren da haɓarsa don kada ya kuɓuce. Ni kuwa ina tsaye daga bakin ƙofa, inda na saba tsayawa. Shekara goma sha biyu da aurenmu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Gaisuwa ce a durƙushe safe da yamma, sai “to Baba” da “in sha Allahu Baba.” Haka aka rene ni, suruki ba abokin hira ba ne. Amma idon mai gyara ba ya jin kunya, shi dai ya ga abu ya lalace kuma ya san akwai injin da zai maye gurbinsa.

Na faɗa wa maiɗakina cewa zan sa wa Baba shinge mai sauka da kansa. Tana wanke shinkafa, ta tsaya ta dube ni.

“Tayyib, niyya ce mai kyau. Bas ka fara tambayarsa.”

Na ce, “In tambayi surukina? In durƙusa in ce Baba na ga hannunka ya gaza? Da wane bakin?”

“To ni bari in tambaye shi.”

“A'a, kada ki ɓata mini. Kado ne, kyautar ba-zata, so nake ya dawo ya tarar.”

Ta ce, “Baban yara, ni dai tun ina ƙarama ko ƙurar teburin nan ba ya bari a goge. Wallahi ban san dalili ba, amma haka na taso na gani.”

Na ce mata ƙura daban, gyara daban. Ina tuna yadda na faɗi maganar da isa, kamar wanda ya gama karatun duniya.

Ba a daɗe ba dama ta samu. Yayanta ya zo ya ɗauki Baba zuwa ziyara Madina na kwana uku, a sabon jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya. Suna fita na tada mota na nufi wani kanti da ke wajen unguwar Safa, inda ake sayar da jiragen sama da motocin wasa na manya, irin wasan da masu gemu ke yi suna cewa na yara ne. Mai kantin wani Bamisire ne mai furfura, mai son surutu. Da na gaya masa abin da nake nema, sai ya share gaban teburinsa ya ce shinge iri uku ne.

Na farko roba ce kawai, a manna ta a tsaye ko a kwance, ba ta motsi. Na ture shi gefe. Na biyu yana da wani ɗan faranti a ƙarƙashin dogo, in nauyin jirgi ya hau kai sai sandunan su faɗo, in ya sauka su miƙe. Ba waya, ba batir, ba huda katako. Na ukun kuwa sai a hoto ya nuna mini. Shi yana da ido, 'yar na'ura da ake binnewa a gefen dogo can nesa da hanya, da ta ga jirgi sai jar fitila ta fara ƙyaftawa, ƙararrawa ta kaɗa, sanduna su sauko a hankali kamar na gaske. Sai dai yana buƙatar a huda katako a ja waya, kuma babu shi a ƙasa, sai an yi odarsa an jira mako uku.

Ya tambaye ni, “Na yara ne ko na babba?”

Na ce na dattijo ne, tsohon ma'aikacin jirgi.

Ya ɗora tafin hannunsa a kan na biyun ya ce, “To ka jira na ukun, ya ustaz. Wannan sai jirgi ya taka shi yake faɗuwa, ma'ana jirgi ya riga ya shigo hanya. Yara ba ruwansu, su ƙarar suke so. Amma wanda ya san jirgi ba zai ji daɗin kallonsa ba.”

Na yi dariya na ce, “Ya shaihi, wasa ne fa. Ba wanda zai mutu.”

Wannan magana tawa, da ana sayen magana a mayar da ita ciki, da na sayar da motata na saye ta. A raina na ɗauka dabarar 'yan kasuwa ce, yana so ya tura ni ga mai tsada. Ga shi Baba zai dawo jibi, ga shi ina jin nauyin ɗaukar abin huda in fasa katakon surukina. Sannan akwai abin da ban ma san ban sani ba. Ni ɗan garin da ba jirgin ƙasa ne, tunda uwata ta haife ni ban taɓa tsayawa a bakin shinge ina jiran jirgi ya wuce ba. A wurina sanda ta faɗi, jirgi ya wuce, halas. Wanne ya riga wanne, ban ga abin damuwa a ciki ba.

Washegari da hantsi na hau sama da kayan aikina. Na leƙa ƙarƙashin teburin na ga zaren duk ƙulle-ƙulle ne, ya tsinke an ɗaura, ya sake tsinkewa an sake ɗaurawa, irin ƙullin da mutum ke yi da hannu ɗaya da haƙori. Maimakon wannan ya tsayar da ni, sai ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Na sa almakashi na datse shi, na zare katakon zaren daga ƙusarsa. Allah ya taimake ni ban zubar da tsofaffin sandunan ba, na jefa su cikin wani gwangwanin biskit. Na cire amalanken jakin na ajiye a kan taga, na ɗora sabon shinge, na gwada ya fi sau goma. Jirgi na takawa sai ka ji ƙwas, sanduna sun faɗi. Har tafi na yi wa kaina ni kaɗai a ɗaki.

Da na zo mayar da amalanken, sai na tarar gindin sabon shingen ya fi tsohon faɗi, ya cinye wurin da yake tsayawa. Na duba baya, magudanar gilashi ce. Sai kawai na matsar da shi gaba, ya shige ƙarƙashin sandar da ke ɗage, hancin jakin yana leƙa dogo. Na ja da baya na kalla, na ce ai haka ma ya fi rai. Ban sake kunna jirgin ba, na share ɗakin na kulle.

Ranar Alhamis suka dawo da azahar, na je tasha na ɗauko su. A mota Baba yana cikin walwala, har ya yi doguwar magana, abin da ba ya yi. Da harshensa mai nauyi ya ce tun daga Jidda har Madina yana kallon taga, bai ga shinge ko ɗaya ba, hanyoyin mota duk ta sama suke bi ko ta ƙasa. Ya ce, “Waɗannan sun huta.” Ni kuwa ina tuƙi ina murmushi, ina cewa a raina kai ma yau za ka huta.

Bayan la'asar muka hau gaba ɗaya, ni da maiɗakina da yayanta da 'yan matan. Muka zaunar da shi. Ya dubi agogo, ya miƙa hannun hagu inda katakon zaren yake, hannun ya faɗa a kan ramin ƙusa. Ya lalubi wurin sau biyu. Sannan ya ɗaga kai ya ga sabbin sandunan roba a tsaye suna sheƙi.

Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, “Baba, ɗan gyara ne aka yi, don hannunka ya huta.”

Ya sake duban sandunan. Can ya ce, “Allah ya yi albarka.” Muryar ba ta yi kama da ta mai murna ba, amma shi ma surukina ne, ba zai ce wa mijin 'yarsa ka yi ɓarna ba. Bai kai hannu ga makunnin ba. Yayan maiɗakina, mutum ne mai gaggawa, ya ce, “Yalla Abuya, mu ga aikin muhandis, injiniyan gidanmu,” ya miƙa hannu ya kunna.

Jirgi ya tashi daga tasha. A lokacin ne idon Baba ya kai kan amalanken. Na ji yana cewa, “Karo… karon nan…” wato amalanke a bakin mutanen Sudan, amma harshen ya ƙi ba shi haɗin kai, mu kuma muka ɗauka yabawa yake yi. Kan jirgin ya iso gindin bedi. Sanduna suna tsaye. Na ga hannunsa na hagu yana murɗa iska, yana murɗawa da sauri, ba zare ba komai. Jirgi ya wuce gonar auduga, sanduna suna nan a tsaye.

Sai mutumin da ya shekara biyu bai miƙe da kansa ba ya miƙe. Ya yi wata ƙara da ban taɓa zaton tana cikin ƙirjinsa ba, kalmomin kuma suka fito tar, ba nauyin harshe ko kaɗan.

“Tsaya! Ya Hajj, tsaya! Koma baya!”

Ya faɗa kan teburin da dukkan jikinsa, hannu a miƙe wajen hanyar. Bai kai ba. Kan jirgin ya doki jakin, amalanke ya kife, buhunan albasa suka watse, sannan na ji ƙwas, sandunan nan nawa sun faɗo bayan komai ya ƙare. Ƙafar teburin ta karye. Tasha da gidajen laka da auduga da gilashi duk suka zamo suka biyo shi ƙasa, hannunsa mai lafiya yana ƙarƙashinsa.

Ba wanda ya motsa. 'Yan matan ko kuka sun kasa. Ni ina durƙushe inda nake. Baba yana kwance cikin tarkacen aikin shekarunsa, hawaye na bin gemunsa, yana maimaita magana ɗaya: “Na makara. Na sake makara.”

A asibiti aka ce wuyan hannun hagun ya karye, aka sa masa filasta. Wato mutumin da na je in hutar wa da hannu ɗaya, na mayar da shi ba hannu ko ɗaya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, ga shi kuwa dama daga can ɓangaren na fito. Da muka dawo gida ya juya fuskarsa bango. A kawo abinci ya girgiza kai. La'asar ta yi, ta wuce, bai tambayi ƙarfe nawa ba. Maiɗakina ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sau ɗaya kawai, tana fitowa daga ɗakinsa da kwanon da ba a taɓa ba, ta tsaya a gabana ta ce, “Na ce ka tambaya.” Kwana tara muka yi a haka, yana ramewa a kan idonmu, ni kuma maganar likita tana yi mini yawo a ka.

A rana ta goma na hau sama in kwashe tarkacen. A ƙarƙashin katako na tsinci ɗan tsohon nan mai farar jallabiya, bai ko ƙwarzane ba, jakin ne ya rasa ƙafa ɗaya. Na nemo ƙafar na manna, na tattara buhunan albasar na jera. Ina riƙe da shi a tafin hannuna sai na tuna cewa Baba bai ce jirgina ba, bai ce teburina ba. Ya Hajj ya ce. Mutum ya kira.

Na sauko na yi abin da ban taɓa yi ba. Na shiga ɗakinsa ba a kira ni ba, ban durƙusa a bakin ƙofa ba, na wuce na zauna a gefen katifarsa. Na ajiye amalanken a kan matashi daidai idonsa. Na ce, “Baba, wane ne wannan?”

Ya daɗe yana kallon amalanken. Sannan ya juyo ya dube ni, karo na farko da muka haɗa ido. Maganar ta ɗauke shi lokaci, yana yi yana hutawa, amma ga abin da ya ce. Yana da shekara ashirin da 'yan kai, sabon ango, shi ne mai tsaron shinge a wata mahaɗa a tsakiyar gonakin auduga. Dokar aikin ɗaya ce: in jirgin la'asar ya yi kuka a gindin bedi, a sauke shinge. Wata rana surukinsa, kakan maiɗakina, babban malami, ya zo daga ƙauye ya biyo ya gan shi a wurin aiki, karo na farko tun bayan ɗaurin aure. Baba ya durƙusa. Aka yi gaisuwa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan malam ya kama hannunsa ya fara yi masa addu'a.

“Na ji kukan jirgin,” in ji Baba. “Sarai na ji shi. Na ce a raina bari ya kai amin. Yaya za a yi in fizge hannuna daga na surukina yana roƙa mini Allah?”

Akwai wani tsoho mai kai albasa kasuwa, kullum ta nan yake bi, kunnensa ya yi nauyi. Ba ya jin jirgi, shingen ne kunnensa. Ya ga sanda a ɗage ya kora jakinsa. Kafin Baba ya ruga ya kama mariƙin shingen, jirgi ya shigo. Sandar ta sauka bayan komai ya ƙare. Da aka zo bincike mutane suka ce jaki ne ya firgita, ba wanda ya ɗora wa kowa laifi. Malam har ya koma ga Allah bai taɓa tada maganar ba, shi ma Baba bai taɓa ba, kowa yana jin kunyar kowa. Shekarar ya ajiye aikin ya taho Hajji da matarsa, bai sake komawa ba.

Ya nuna amalanken da haɓarsa ya ce, “Tun da aka ba ni jirgin nan, kullum la'asar nakan rufe masa a kan lokaci. Shekara ashirin da wani abu bai mutu ba, ɗana. Sai ran nan.”

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, ƙato da ni, a gaban surukina. Fuskar Bamisiren nan ce ta faɗo mini, da dariyata, da “ba wanda zai mutu.” Na faɗa wa Baba komai, har gargaɗin mai kanti da na yi watsi da shi, har shawarar 'yarsa da na ƙi ji. Na roƙe shi gafara. Ya ce, “Me ya hana ka tambaya?” Na ce kunya. Ya lumshe ido ya ce, “To ciwonmu ɗaya ne.”

A nan na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na kwatanta masa shingen nan na uku mai ido da fitila da ƙararrawa, na ce ana iya binne idon a gindin bedi daidai, ya zaɓa da kansa. Ya saurara da kyau, ya yi mini tambayoyi irin na ma'aikaci: tazarar nawa, in wuta ta ɗauke yaya ke nan, in ƙura ta rufe idon wa zai sani. A ƙarshe ya ce, “Ido ba ya jin kunyar kowa, wannan kam alherinsa ne. Amma ni hannu nake so. A mayar mini da zarena.” Na dubi filastar da ke hannunsa. Ya gane. Ya ce, “Ai kana da biyu.”

Mako uku na yi ina tada garin nan, shi yana kwance yana ba da umarni, ina ɗauko hoto a waya ina sauko masa da shi, yana cewa tashar ta karkace, bedin ya matso da yawa. Ya fara karɓar kunu, cokali biyu yau, uku gobe, amma bai wuce haka ba. Na ciro tsofaffin sandunan daga gwangwanin biskit, na ja sabon zaren kifi, na mayar da amalanke taƙi guda daga dogo.

Ranar da aka gama, ni da yayan maiɗakina muka ɗauke shi a kan kujera muka hau da shi. Ya sa na zauna a gabansa, katakon zaren a hannuna. Ya ce, “In kai ya iso bedi ka fara naɗi. Ko wa ke gabanka.” Na ce to Baba. 'Yarsa ta kunna.

Jirgi na barin tasha sai ya ɗora hannunsa mai filasta a kan nawa, ya danne, ya fara addu'a. Allah ya yi maka albarka, Allah ya jiƙan mahaifanka, Allah ya raya maka zuriya. Yana yi a hankali, yana kallon cikin idona. Ta gefen ido na ga kan jirgin ya doshi bedi. Wallahi sai da na ji abin nan da ya faɗa, nauyin nan da ke ɗaure mutum, wata murya tana ce mini bari ya kai amin. Daƙiƙa ɗaya na yi a haka, kuma ita ce mafi tsawo a rayuwata. Sannan na zare hannuna daga ƙarƙashin nasa, na juya wa surukina baya yana tsakiyar addu'a, na murɗa. Sanduna suka sauko a hankali. Jirgi ya zo ya wuce. Ɗan tsoho yana zaune a kan albasarsa, jakinsa yana jira.

A bayana na ji Baba ya ce amin da kansa, sannan ya ce alhamdulillahi. Da na juyo yana dariya, hawaye na zuba. Ya dubi 'yarsa ya ce, “Akwai sauran tuwon nan?”

Ya ƙara shekara uku a duniya, kuma a kwano ɗaya muka riƙa ci da shi har ya rasu. Shingen faranti yana nan cikin akwatin kayan aikina, duk gidan da na shiga hannuna ya fara ƙaiƙayi nakan gan shi in tambayi mai gida tukuna. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kunya ado ce, ban daina jin ta ba kuma ina koya wa 'ya'yana ita, amma akwai lokacin da girmama babba shi ne ka buɗe baki ka tambaye shi, ko ka zare hannunka ka tashi. Jirgin la'asar har yau ɗaya ne a gidanmu, ni nake rufe shingen, kuma ko wa ya zo gaishe ni, in kai ya iso bedi sai ya jira.